Kwata Huɗu a Kangimi

Kafin ladan ya sauke murya
na kwashe ruwan da ya kwana a jirgi.
Rabin jarka ce ludayina,
shekara tara muna tare, bakinta duk ya cinye.
Tafki na kwance bai farka ba,
sai zalɓe guda a kan kututture
yana lissafin abin da ya kuɓuce masa jiya.

Baba Jatau ya iso da tarinsa.
Ba ya gaida mutum sai ya gaida inji:
ya cire fulogi, ya hura, ya goga a gefen riga,
ya ja igiya sau uku.
A na huɗu yake tashi, kullum,
kullum kuma sai Baba ya yi mamaki.

Kwatar farko ta masu banda ce.
Barmani da kwandunan tarwaɗa,
hayaƙi ya zauna a zaninta har ya zama turarenta.
Ba ta biya da tafiya, sai da dawowa,
da dawowa kuma kasuwa ce ta yi sanyi.
Littafin bashi a kaina yake,
shafinta ya fi na kowa kauri.

A Tungar Dogara akuya ta riga mai ita shiga.
Mama Laraba, doya a kafaɗa irin ta mutanensu,
ta ƙi hannun da na miƙa mata.
Malamin firamare ya naɗe ƙafar wando,
ya rungume takardun jarrabawa kamar jinjiri.
Har babur muka ɗauka,
aka kwantar da shi a tsakiya kamar majinyaci
yana ɗigar da fetur a kan yatsuna.

Hantsi ya dubi ludayi muna tsakiyar ruwa
sai inji ya yi tari biyu, ya yi shiru.
A nan na ji ashe ruwa na magana,
tas, tas, a cikin katako.

Baba bai taɓa igiya ba.
Ya ɗauki filafili, ya nuna ƙasa da shi.
Ya ce, nan ne.
Kukar ƙofar gidanmu tana ƙarƙashinku.
Can inda kainuwa ta taru, turmin uwata.
Ranar da ruwa ya zo ina da shekara bakwai,
kaza na ɗauka, na manta takalmina.

Kowa ya leƙa.
Ba mu ga komai ba sai fuskokinmu suna rawa.
Barmani ta daina ƙirga kifi.
Akuya ce kaɗai ba ta ji labarin ba,
tana cin gefen takardun malam.

Kwata ta uku, shinkafa da wake a ganye,
barkono ya fi mai yawa.
Mai cajin waya ya ba mu labarin duniya,
mai taru ya ce karfasa ta ƙaura gabas,
wani ya aiko mu da maganin ciwon baya
ga surukarsa a ƙetare, ba ko sisi.

Ta huɗu ba kwata ba ce sosai,
dutse ne da gora biyu a kafe.
Yara na jiranmu tsirara, suna ihu
kamar jiya ba mu zo ba.

Da almuru kirinjijiya ke wucewa bisa kanmu da fito.
Na baje kuɗin da suka jiƙe a murfin inji,
kowace takarda da tsakuwarta.
Baba ya ware na fetur, ya ware na katako,
abin da ya saura ya raba biyu ba daidai ba,
ya tura mini babban kashi yana kallon wani waje.

Barmani ta wuce ba ta ce komai ba.
Sai daga baya na ga tarwaɗa uku
a ƙunshe cikin rabin jarkata.

Na ɗaure jirgi, na kwanta a cikinsa.
Ƙarƙashin haƙarƙarina, ta wata tsaga
da har yau ban gano inda take ba,
ruwan gobe ya fara shigowa.